Na karɓi kuɗin mutane don buga littafi, aiki ya tsaya: in yi magana ko in jira?

Marubuciyar_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. A farkon shekarar nan na yi sanarwar zan buga tarin gajerun labaraina a takarda, na ce duk mai so ya biya kuɗin kwafinsa tun yanzu in haɗa in kai maɗaba'a, kuma zan sa sunan kowa a shafin godiya. Mutum 94 suka biya, wasu har da ihsani a kai. Na buɗe musu zaure a WhatsApp, na ce bayan babbar sallah littafi zai shiga hannunsu. To ga shi sallah ta wuce da wata huɗu. Malamin da ya duba min rubutun ya dawo da gyara mai yawa, labari biyu sai da na sake su daga tushe. Kafin in gama, mai maɗaba'a ya ce kuɗin da muka yi ciniki a kai ba zai yiwu ba yanzu, takarda ta tashi. Ana cikin haka mahaifiyata ta kwanta asibiti. Yau sati bakwai ban ce uffan a zauren ba. Kullum sai in buɗe, in rubuta, in goge. Kunya nake ji in je musu hannu rabbana. Kuɗinsu yana nan, in ban da abin da na ba mai zanen bango da mai tsara shafuka. In fito in faɗa musu halin da ake ciki alhali ba ni da ranar da zan ba su, ko in daure sai na riƙe littafin a hannu? Ku da kuka taɓa yin irin wannan, duk bayan kwana nawa kuke sanar da mutane inda aka kwana?

Hajiyar_Littafi:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yata, abin da kika rubuta mana nan, shi za ki kwafa ki kai musu yau ɗin nan. Mu da ba mu ba ki ko sisi ba kin yi mana bayani, su da suka ba ki fa?

Abban_Ilham:
Ni ta ɓangaren masu biya zan yi magana, don ya taɓa faruwa da ni. Na biya wani marubuci kuɗin kwafi biyu, ɗaya nawa ɗaya na ƙanwata. Wata uku na farko yana turo mana hoton bango, yana tambayarmu wane launi ya fi. Daga nan ɗif. Wallahi ba jinkirin ne ya dame ni ba, ni ma ɗan kasuwa ne, na san yadda kaya ke maƙalewa. Abin da ya ci min rai shi ne ina ganinsa yana ɗora wasu abubuwan a Facebook, mu kuma ko gaisuwa babu. Ƙanwata ta riƙa tambayata, ni ba ni da amsa. Littafin ya fito daga baya, kuma ya yi kyau, amma da ya sake neman karo-karo na biyu ban shiga ba. Da a ce duk wata ya rubuto layi uku, da yanzu ina cikin masu tallata shi.

Yarima_K:
Ni ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Saƙon da babu komai a cikinsa ya fi shiru ɓata rai. "Muna nan muna ƙoƙari, ku ƙara haƙuri," in ka ji shi sau huɗu sai ka fara zargi. Kuma da zarar ta ce takarda ta tashi, mutum ashirin za su ce a mayar musu da kuɗinsu, sauran kuɗin ya kasa buga ko rabi. Wani lokacin marubuci ya rufe baki ya gama aikinsa ya fi alheri ga kowa.

Hajiyar_Littafi:
Yarima, to ai kuɗinsu ne. In sun ce a mayar, haƙƙinsu suka nema.

Bakano_a_Leeds:
Bari in kawo yadda ake yi a nan, ko za a tsinci wani abu. Dandalin da ya fi suna a wannan harka shi ne Kickstarter, an buɗe shi a Amurka a 2009. Marubuci zai faɗi adadin da yake nema da wa'adi. In kuɗin bai cika ba, ba a cirar ko kwabo daga kowa. In ya cika, dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa katin banki su ɗauki nasu, saura a ba shi. A shafin kowane aiki akwai wuri na musamman da ake ajiye rahotanni a jere da lamba da kwanan wata, kuma duk wanda aka ɗora sai ya shiga imel ɗin kowane mai tallafi. Wani rahoton kowa na iya gani, wani sai wanda ya biya.

Abin da ya shafi tambayar Malama: a ƙa'idojinsu an rubuta cewa in mai aiki ya kasa cika alƙawari, dole ya fito ya bayyana abin da ya riga ya yi, yadda ya kashe kuɗin, da abin da ya hana shi gamawa, sannan ya mayar da abin da ya rage ko ya faɗi yadda zai yi da shi. Wato su ma sun san jinkiri da gazawa suna faruwa. Wani malamin jami'ar Pennsylvania, Ethan Mollick, ya yi bincike a 2015 ya gano kimanin ayyuka 9 cikin 100 ne ba su kai wa mutane abin da suka biya ba sam. Waɗanda suka makara amma suka kawo kuwa suna da yawa ƙwarai. Ni littattafai biyar na tallafa wa, ɗaya ne kawai ya zo a watan da aka ce. Akwai wanda aka buga a Chana, masana'antar ta rufe don bikin sabuwar shekararsu, sannan jirgin ruwan ya zagaya ta ƙasan Afirka saboda hare-haren Bahar Maliya. Marubuciyar ta turo mana har sunan jirgin, muna bibiyarsa a taswira. Ba wanda ya yi fushi.

Zinariya_04:
Yaya Bakano, mu a Najeriya za mu iya buɗe irin wannan a can?

Bakano_a_Leeds:
A'a ƙanwata. Tallafa wa aikin wani kina iyawa in katinki yana biyan dala, amma buɗe naki sai mazauna wasu ƙasashe da suka lissafa, Najeriya da Nijar ba sa ciki. Shi ya sa namu yake tafiya ta lambar asusu da zauren WhatsApp. Bambancin kuwa babba ne: a can akwai shafin da rahoto ke zaune kowa ya gani, a namu saƙo yana nutsewa a cikin gaishe-gaishe da barka da Juma'a.

MaiInji_Fagge:
Malama Marubuciyar_Gwale, ni aikina ke nan, shekara goma sha bakwai ina kan inji. Kada ki ga laifin mai maɗaba'arki da sauri. Takardar da muke bugawa da ita mafi yawanta daga waje take zuwa, haka tawada, haka faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafi a kai a sa a inji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin da na ba mutum yau ba na iya tsaya masa a kai bayan sati biyu. Ga dizal. Saboda haka duk marubucin da ya tara kuɗi, abu na farko da nake ce masa: kawo kuɗin takarda mu saya mu ajiye da sunanka, ko da rubutun bai gama ba. Takarda ce ke cin kaso mafi tsoka. Wannan ya riga ya wuce miki, amma ga abin da za ki iya yanzu.

Ki tambaye shi shafi nawa littafin ya tsaya. Muna bugawa ne fom-fom, shafi 16 ko 8 a tare, don haka littafi mai shafi 164 yana iya cin kuɗin mai 176. In kika matse shi ya koma 160 kin rage fom guda da farantansa. Ki tambayi bambancin takarda giram 70 da giram 60. Kuma in kwafi ɗari da 'yan kai kike buƙata da gaggawa, ba sai an yi faranti ba, injin DI, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, zai fitar miki da su a kwana biyu zuwa uku. Kowane kwafi ya fi tsada ta nan, amma kin sallami masu haƙƙi, sauran na kasuwa ki bi da su a hankali.

Game da maganar sanarwa: ki ce ya yi miki kwafin gwaji guda ɗaya, da bango da gam da komai. Ki ɗauki hotonsa a hannunki ki tura musu. Gani ya kori ji.

Marubuciyar_Gwale:
Malam MaiInji, Allah Ya saka da alheri. Shafi 148 ne. Ban taɓa sanin maganar fom ɗin nan ba.

MaiInji_Fagge:
To ki cire huɗu ya zama 144, fom tara cif. Amma kada ki taɓa shafin sunayen mutane.

Ummu_Taifin:
Mu masu rubutun onlayin mun fi kowa sanin zafin wannan abu. Mutum ya biya ɗari biyar ya shiga zauren kuɗi, ki yi kwana biyu ba ki saki shafi ba, ki ga saƙo ɗari. Har da masu zagi. Akwai lokacin da na haihu, sati uku ban yi taifin ba, wata ta rubuto ta ce na cinye musu kuɗi. Na yi kuka ranar. Abin da na koya shi ne tun farko in faɗi ranakun: Litinin da Alhamis, ban da ƙarshen mako. In ba zan samu dama ba, tun daren jiya nake faɗa. Kuma na rufe zauren, ni kaɗai ke iya tura saƙo, mai magana ya same ni ta gefe. Anti, ki yi haka kafin ki tura bayaninki, in ba haka ba mutum ɗaya mai zafin kai zai tunzura sauran.

Abban_Ilham:
Rufe zaure a daidai lokacin da za a ba da labari mara daɗi? Ni in aka yi min haka sai in ga kamar ana gudun tambayata ne. Ta bari a buɗe ko na kwana biyu, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Ummu_Taifin:
Abban Ilham, ba ka taɓa zama mace ita kaɗai a gaban mutum casa'in ba, kuma mahaifiyarta na gadon asibiti.

Almajirin_Fiƙihu:
Akwai abin da ya kamata a fara warwarewa: kuɗin nan kyauta ne ko ciniki? Wanda ya ce ga gudummawata, Allah Ya taimaka, hukuncinsa daban. Wanda ya biya don a ba shi kwafi, wannan ciniki ne na kuɗi a hannu kaya daga baya, kuma malamai sun yi bayaninsa a babin salam da babin istisna'i, wato sa mai sana'a ya ƙera maka abu. A hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar ana biyan kuɗin 'ya'yan itace shekara ɗaya ko biyu kafin su nuna, sai ya yi umarni da a yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. Lokacin da Malama ta sa ya wuce. Abin da na fahimta, mai kuɗi yana da zaɓi: ya jira ko ya karɓi abinsa. Ba zai iya zaɓa ba in ba a sanar da shi ba. Saboda haka maganar Yarima ta a yi shiru don kada su nemi kuɗinsu, ina jin tsoronta. Amma a tambayi manyan malamai, ni ɗalibi ne.

Yarima_K:
Malam, na karɓi gyara a kan wannan. Ba ɓoye musu haƙƙi nake nufi ba. Inda na tsaya shi ne kada ta sake sa wata rana sai ta tabbata. Saɓa alƙawari na biyu ya fi na farko ciwo.

TsohonMalami_Katsina:
Abin nan da kuke gani kamar intanet ce ta kawo shi, ya girmi kakanninmu. A Ingila a ƙarni na 18 haka ake buga manyan littattafai: marubuci ya fitar da takardar sanarwa, masu hali su biya rabi tun kafin a rubuta, a jera sunayensu a farkon littafi. Samuel Johnson, wanda ya yi shahararren ƙamus ɗin Ingilishi na 1755, ya yi sanarwa a 1756 cewa zai fitar da wasannin Shakespeare da sharhinsa, ya ce a ƙarshen 1757 za a samu. Bai fito ba sai 1765. A tsakani wani mawaƙi, Charles Churchill, ya yi masa zambo a rubuce, yana tambayar an karɓi kuɗin jama'a, ina littafin. Da aikin ya fito babu jerin sunayen waɗanda suka biya, kuma Boswell, marubucin tarihinsa, ya ruwaito cewa shi da bakinsa ya ce sunayen sun ɓace masa, kuɗin kuma ya kashe. Aikin ya zama abin da ake karantawa har yau, amma labarin shekara takwas ɗin nan ya bi shi har yau shi ma. 'Yata, ki adana sunayen nan 94 a wuri biyu, a waya da a littafi, da adadin da kowa ya bayar.

Hajiyar_Littafi:
Malam ya tuna min zamanin da muke sayen littattafan Kano a shekarun 1990. Na ɗaya ya fito, ka karanta a dare guda, ya tsaya a inda rai ke so, sai a rubuta a ƙarshe a nemi na biyu. Da cinikin na ɗaya ake buga na biyun ai. Mu riƙa aiken yara kasuwa ana cewa bai fito ba. Wasu marubutan suna buga wasiƙun masu karatu a bayan littafi su amsa, ta nan kaɗai kake jin ɗuriyarsu. Akwai wanda har yau ban ga na ukunsa ba.

DanMaradi_227:
Don Allah in za ki yi bayani ki tuna da na nesa. Ni na taɓa biyan littafi daga Kano, ya fito daidai lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ina ganin mutane a zaure suna ɗora hoton nasu kwafin suna godiya, mu na Maraɗi da Damagaram ba wanda ya ce mana ga yadda za a yi. Marubucin yana ganin ya gama, tunda littafi ya fito. Sai da na yi magana sannan ya turo mana na karantawa a waya kafin na takarda ya iso ta hannun direba. Fitowar littafi daga maɗaba'a ba ita ce ƙarshen labari ba ga wanda ke wata ƙasa.

Zinariya_04:
Ni ina bin wani marubucin Amurka, Brandon Sanderson. A Maris 2022 ya tara sama da dala miliyan 41 daga mutum fiye da 185,000 don littattafai huɗu. A shafinsa akwai ma'auni da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ya kai a kowane littafin da yake rubutawa, duk mako yana fitar da ɗan bidiyon inda aka tsaya, duk Disamba kuma ya rubuta doguwar wasiƙa ta shekara. Me zai hana namu su yi haka?

Yarima_K:
Zinariya, mutumin da kika kawo kamfani gare shi da ma'aikata, kuma ya riga ya rubuta littattafan huɗu kafin ya nemi kuɗin kowa. Wannan baiwar Allah ita ce marubuciya, ita ce akawu, ita ce mai jinya. In ta ce duk mako za ta yi bidiyo, yaushe za ta gyara labarin?

Zinariya_04:
Gaskiya ne. Amma darasin gama rubutu kafin a karɓi kuɗi ai namu ne mu ma.

Bakano_a_Leeds:
Sannan kada a ɗauka in akwai kamfani a tsakani an tsira. A nan Ingila an yi Unbound, maɗaba'ar da aka kafa a 2011 a kan wannan tsari: masu karatu su biya, a buga, a sa sunayensu a bayan littafi. Ta fitar da littattafai masu kyau. A Maris 2025 ta durƙushe, marubuta da dama suka fito suna cewa ana riƙe da kuɗinsu. Abin tausayi, su marubutan ne suka koma suna rubuta wa masu tallafi bayani ɗaya bayan ɗaya a kan kuɗin da bai taɓa shiga hannunsu ba, don sunansu mutane suka sani, saboda su aka biya. Ke Malama kin fi su sauƙi, kuɗin yana wurinki, kin san ko nawa ne.

Abban_Ilham:
To tunda an zo nan, ta faɗi lissafin a fili: an tara kaza, mai bango kaza, mai tsara shafi kaza, saura kaza, maɗaba'a na neman kaza. Za ki sha mamaki, wani a cikinsu zai cike giɓin.

Ummu_Taifin:
Ni ban goyi bayan wannan ba. Ranar da kika buɗe lissafi, ranar za a fara ce miki mai bangon ya cuce ki, ƙanena zai yi a rabin haka. Ta ce kuɗi yana nan, mai son nasa ya yi magana. Ya isa.

Almajirin_Fiƙihu:
Ana iya raba wa: jimilla a zaure, dalla-dalla ga wanda ya tambaya.

Shugabar_Zaure:
An yi nisa, kuma ba a amsa rabin tambayarta ba: duk bayan kwana nawa? Ni da na yi nawa, ranar ɗaya ga kowane wata na sa, ko da abin faɗa ko babu. Abu uku nake rubutawa: abin da aka gama, abin da ya tsaya da dalilinsa, da ranar da za su sake ji daga gare ni. Ranar fitowar littafi ba a hannuna take ba, amma ranar saƙo na gaba a hannuna take, ita ban taɓa saɓawa ba. Yarima, ina ganin wannan ya raba gardamarku.

Yarima_K:
Ya rage ta dai, Hajiya. Wata guda ya yi min kusa in aikin yana hannun mai gyara, babu abin da ke motsi. Ni na fi son a yi magana in an tsallake wani mataki.

Marubuciyar_Gwale:
Na gode muku duka, na karanta kowanne. Na tura saƙon ɗazu bayan isha'i, na bar zauren a buɗe. Na faɗi maganar gyara da ta takarda da ta Mama, na ce mai son kuɗinsa ya yi min magana ta gefe, ban sa ranar fitowa ba. Zuwa yanzu mutum uku sun nemi nasu, na mayar wa biyu, ɗayar ina jiran lambar asusunta. Da yawa addu'a suka yi wa Mama. Fiye da rabi ba su ce komai ba tukuna, wannan ne ke tsaya min a rai. Lissafin ban saka ba, har yanzu ina juya maganar Abban Ilham da ta Ummu. Malam MaiInji, gobe in sha Allahu zan je maɗaba'ar. In ya ce DI, bangon ma a nan ake yi ko sai an kai wani wuri?

MaiInji_Fagge:
A nan ake yi, amma ki ce a sa masa leda mara ƙyalli, kuma ki duba kalar da idonki kafin su buga sauran. Abin da ke waya da abin da ke fitowa a takarda ba ɗaya ba ne, musamman ja da ruwan ƙasa.

DanMaradi_227:
A cikin 94 ɗin akwai na wajen Najeriya?

Marubuciyar_Gwale:
Akwai huɗu, biyu a Nijar, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Jidda. Ban yi tunanin yadda zan kai musu ba sai da ka yi magana.